Azagor: Hayaƙin murhu da cutar huhun da rajistar asibiti ba ta gani

A watan Mayun 2025, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, karo na 78 ya amince a birnin Geneva da wani ƙuduri kan lafiyar huhu. Abin da ƙudurin ya nema daga ƙasashe shi ne su daina ware tarin fuka gefe guda, asma gefe guda, limoniya gefe guda, kowace da ofishinta da kuɗinta, su haɗa cututtukan huhu cikin tsari ɗaya da zai soma aiki tun daga ƙananan asibitoci. A cikin jerin har da cutar toshewar hanyoyin numfashi da ba ta warkewa, wadda likitocin Nijar ke kira BPCO da Faransanci, masu Turanci kuma su ce COPD. Ita ce ake ware wa wata Laraba a watan Nuwamba duk shekara tun 2002, kuma a 2025 ranar ta faɗo 19 ga wata.

A ƙaramar hukumar Azagor, arewa da garin Dakoro a jihar Maraɗi, wannan rana tana zuwa ne daidai shigowar ɗari. An gama girbi, iskar hunturu ta taso, girkin da ake yi a filin tsakar gida ya soma komawa cikin ɗaki ko lungun zana, kaskon garwashi kuma yana kwana kusa da shimfiɗa. Watannin da huhun mutanen karkara ya fi shan hayaƙi ke nan, kuma su ne watannin da hazo ke rufe sama. Duk da haka, da wuya sunan cutar ya shiga rajistar ƙaramin gidan likita, domin ba a iya tabbatar da ita sai da na'urar da ake samu a manyan asibitocin birni.

Cutar da ke cin mutum a hankali

Alƙaluman OMS sun nuna BPCO ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, wato kusan kashi 5 cikin 100 na duk mace-macen duniya, abin da ya sa ta zama ta huɗu wajen kisa. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta kashe kafin su cika shekara 70 suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi.

Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa. Hanyar iska a cikin huhu kamar itaciya ce da aka kifa, reshe yana fidda reshe har ya kai siraran da ido ba ya gani. Idan mutum ya shekara goma, ashirin, talatin yana shaƙar hayaƙi ko ƙura, waɗannan siraran hanyoyi sai su kumbura, su cika da majina, bangonsu ya yi kauri, wasu su toshe ɗungum. A wasu mutanen, 'yan jakunkunan da iska ke ratsawa ta shiga jini su ma sai su yage. Iska na shiga amma fitarta ta zama aiki. Abin da ya lalace ba ya dawowa. Magani yana buɗe hanyar da ta rage ne, yana kuma rage yawan tashin ciwon.

Alamunta na farko su ne irin waɗanda ba a kai wa likita: tarin safe, kaki, haki idan an ɗauki tulu ko an yi daka. Matar da a da take surfe dami ba ta huta ba, yanzu sai ta jingina taɓarya sau uku. A gida a ce tsufa ne, ko sanyi ya kama ta, ko kuwa fuka ce ta gado. Sai ranar da mura ta sauka ƙirji, numfashi ya sarƙe, sannan a nemi amalanke ko babur. A matakin ƙarshe zuciya ma kan gaji da tura jini cikin huhun da ya ƙi, ƙafafu su kumbura, a rubuta ciwon zuciya, zancen huhu ya ɓace.

Taba a birni, murhu a ƙauye

Kusan duk saƙon wayar da kai kan wannan cuta an ƙera shi ne a ƙasashen da taba sigari ce babban dalili. A ƙasashe masu arziki, OMS ta ce taba ke haddasa sama da kashi 70 cikin 100 na masu cutar. A ƙasashe irin Nijar kason yana tsakanin 30 da 40 ne. Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba, ta tabbatar da ita a 2005, ta kuma yi dokarta a watan Mayun 2006, ƙungiyoyi irin SOS Tabagisme-Niger sun daɗe suna matsa lamba a aiwatar da ita. Aikin yana da muhimmanci, musamman yanzu da shisha ta samu karɓuwa wajen matasan birane. Amma matar Azagor ba ta shan sigari. Allon da ke cewa a daina shan taba don kare huhu, ko da ya iso ƙauyenta, da wani yake magana.

Azagor tana cikin kwarin Tarka, inda ƙasar noma ke haɗuwa da ƙasar kiwo, kusa da iyakar da dokar 1961 ta shata wa noma daga arewa, iyakar da gonaki suka daɗe da tsallakewa. Abzinawa da Fulani da Hausawa ke zaune a wurin, wasu a gidajen ƙasa, wasu a bukka ko tanti. Makamashin girki shi ne abin da daji ya bayar: itace idan an samu, ƙirare, karan hatsi, busasshen kashin shanu idan itacen ya yi nisa. Kara da kashin shanu sun fi itace hayaƙi. Sannan ga ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a birni da ƙauye, ta kunna wuta da leda. A faɗin Nijar, sama da gida tara cikin goma da itace ko danginsa suke girki, a karkara kuwa kusan kowa ne.

Makiyaya suna da wata kariya da ba su san suna da ita ba: mafi yawan shekara a fili suke hura wuta, iska tana kwashe hayaƙin. Kariyar tana raguwa ne da sanyi, da kuma duk lokacin da iyali suka zauna wuri ɗaya suka gina madafa mai bango huɗu ba taga. Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi kunkunniyar da ta yi baƙi ƙirin a rufin irin wannan ɗaki ya ga abin da mai girkin ke shaƙa. Ƙwayoyin da suka fi illa a cikin hayaƙin sun fi silin gashi ƙanƙanta kusan sau talatin, shi ya sa suke wuce hanci da maƙogwaro su kai ƙarshen huhu. OMS ta ce a ɗakin da iska ba ta ratsawa yawansu kan ninka abin da aka yarda da shi har sau ɗari. Ta kuma ɗora wa hayaƙin cikin gida alhakin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, da kashi 23 cikin 100 na mace-macen BPCO tsakanin manya a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Yarinya tana soma zama gaban murhu tun kafin ta kai shekara goma. Idan ta yi aure ga tuwon gida, ga ruwan wankan jego na kwana arba'in bayan kowace haihuwa, goyo kuma yana bayanta yana shaƙar rabonsa.

Inda aka ɗauki na'ura aka shiga ƙauyukan Afirka, an ga abin da ba a zata ba. A gundumar Masindi ta Yuganda, wani bincike da aka wallafa a 2015 ya auna mutanen da suka haura shekara 30, ya samu kashi 16 cikin 100 da cutar. Da yawansu ba su kai arba'in ba, akasarin matan cikinsu kuma ba su taɓa shan taba ba. A Ile-Ife ta Najeriya, babban binciken ƙasa da ƙasa da ake kira BOLD ya samu kusan kashi 8. Nijar ba ta cikin ƙasashen da BOLD ya auna. Wani abu da masu tallar murhun zamani ba su cika ambata ba shi ne, da masu wannan bincike suka haɗa alƙaluman ƙasashensu a 2018, ba su ga alaƙa kai tsaye tsakanin girki da itace da toshewar numfashi ba. Abin da ya fi fitowa fili a wajensu, bayan taba, shi ne talauci da tarihin tarin fuka. Masana na ci gaba da muhawara a kan haka, wasu na cewa tambayar mutum ko yana girki da itace ba ta auna yawan hayaƙin da ya shaƙa. Ga wuri kamar Azagor muhawarar ba ta canza lissafi sosai, tunda hayaƙin da talaucin da tarin duk a gida ɗaya suke kwana.

Akwai kuma batun ƙuruciya, wanda shi ya fi dacewa da tarihin Dakoro. Huhu yana girma ne har mutum ya kai shekara 20 zuwa 25. Wani bincike da aka wallafa a 2015 bisa mutanen Amurka da Denmark ya nuna kusan rabin masu BPCO ba saurin lalacewa huhunsu ya yi ba, tun farko ne bai kai cikakken girmansa ba. Abubuwan da ke tauye shi sanannu ne: haihuwar jariri ba nauyi, tamowa, limoniya a kai a kai, hayaƙi tun daga ciki. Dakoro na cikin wuraren da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar jinyar tamowa a yunwar 2005, daga baya ALIMA da BEFEN suka yi shekaru suna irin wannan aiki a gundumar. Yaran da aka ceto a 2005 yanzu sun haura ashirin, sun kai shekarun da huhu ke tsayawa da girma. Ta wannan fuska, kulawa kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka soma a 2006, da allurar rigakafin limoniya da aka shigar a 2014, suna cikin manyan matakan rigakafin BPCO da ƙasar ta taɓa ɗauka, ko da yake ba da wannan suna aka yi su ba.

Ƙura kuwa ba ta buƙatar dogon bayani ga mutumin Sahel. Hazon da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi yana sa Nijar cikin ƙasashen da iskar sararinsu ta fi ƙura a duniya. Ga ƙaiƙayin sussuka da shiƙa, ga gobarar daji a yankin kiwo. Wadda ta fi haɗari ita ce ƙurar dutse a ramukan zinariya, daga Djado da Tchibarakaten tun 2014 har zuwa Ɗan Issa a nan jihar Maraɗi, inda rami ya rufta a Nuwamban 2021 ya kashe mutane aƙalla 18. Ruftawar rami tana shiga labarai. Ƙurar da matasa ke komawa gida da ita a ƙirji sai bayan shekaru take bayyana.

Tambaya ɗaya: tarin fuka ne?

Mai tarin da ya daɗe, idan ya je asibitin CSI, tsarin lafiya yana da tambaya ɗaya da ya ƙware a kanta. Tarin da ya wuce mako biyu, a yi gwajin kaki. Idan an samu ƙwayar tarin fuka, hanya a share take: rajista, magani kyauta na wata shida, bibiya, rahoto har Yamai. Shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka, tare da abokan aiki irin Action Damien, ya yi suna har a waje wajen jinyar tarin da ke bijire wa magani, Maraɗi ma tana da sashensa. Matsalar tana ga wanda gwajinsa ya nuna babu ƙwayar. Shi sai a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na 'yan kwanaki da na tari, ya koma gida. Bayan wata biyu ya dawo, a maimaita. Idan ya gaji, ya koma wajen masu tallar magani a kasuwa, inda ake sayar da ƙwayoyin da ke kwantar da kumburi nan take amma suna jawo hawan jini da ciwon suga idan an daɗe ana sha.

Ba laifin ma'aikacin jinya ba ne, domin abin da zai raba masa BPCO da asma da ciwon zuciya ba ya hannunsa. Na'urar ita ce sipiromita. Mutum zai cika ƙirjinsa da iska ya busa da dukkan ƙarfinsa. Idan bayan an ba shi maganin buɗe hanyar numfashi abin da ya fito a daƙiƙar farko bai kai kashi 70 cikin 100 na duk iskar da ya fitar ba, hanyar ta toshe. Gwajin ba ya cin fiye da rubu'in awa, ƙananan na'urorin hannu kuma kuɗinsu bai wuce na babur ɗaya ko biyu ba. Abin da ke da wuya shi ne horar da mai riƙe ta da kuma ci gaba da duba ingancin aikinsa. Taken ranar cutar na 2024 ya ce kowa ya san ƙarfin huhunsa. Ga mutumin Azagor hakan na nufin zuwa Dakoro, daga nan kilomita kusan 120 zuwa Maraɗi, wataƙila ma sai an ƙara wasu 600 da ɗoriya zuwa sashen cututtukan huhu na asibitin Amirou Boubacar Diallo da ke Yamai.

Akwai rukuni ɗaya da tsarin ya riga ya san sunayensu da ƙauyukansu, amma yake sallamarsu hannu rabbana: waɗanda suka gama maganin tarin fuka. Binciken BOLD ya nuna wanda ya taɓa yin tarin fuka ya fi wanda bai yi ba haɗarin toshewar numfashi kusan sau biyu da rabi. An kashe ƙwayar, tabon yana nan. A rajista an rubuta ya warke, shi kuwa ba ya iya noma kadada ɗaya. Wasu a kan sake ɗora su kan maganin tarin fuka saboda tarin bai tsaya ba. A Kampala an gwada shirin mako shida na motsa jiki da koyon sarrafa numfashi ga irin waɗannan mutane, da kayan aiki masu araha, aka ga tafiyarsu da rayuwarsu sun inganta.

Ko an gano cutar, saura magani. Magungunan shaƙa irin su salbutamol da beclometasone suna cikin jerin muhimman magunguna na OMS, amma a karkarar Afirka samunsu a kantin asibitin gwamnati sai an dace. Matakin da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta ɗauka na rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati daga 1 ga Satumban 2024 ya sauƙaƙa shiga ƙofa. Sai dai mai BPCO ba ganin likita sau ɗaya yake buƙata ba, maganin kowane wata ne har ƙarshen rai. Ga kuma tsoron da ya yaɗu cewa wanda ya fara fesa magani a baki ya kamu ke nan, ba zai iya rabuwa da shi ba, abin da ke sa wasu su zaɓi ƙwaya ko allura alhali na shaƙar ya fi aiki kuma ya fi ƙarancin illa.

Murhun da aka ƙera don daji

Nijar ba baƙuwa ba ce ga murhun zamani. Tun bayan farin shekarun 1970 da na 1984 aka yaɗa Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka, daga baya aka kafa kasuwannin itace na karkara a farkon shekarun 1990. Dukkansu an yi su ne da idon gandun daji, ma'auninsu shi ne yawan itacen da aka rage. Haka ma sassaben zamani, wanda ya faro daga jihar Maraɗi a 1983 ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a gonakin ƙasar, ya rage wa mata nisan neman itace, bai taɓa hayaƙin ba. Shekara arba'in ke nan hayaƙi yana hannun ma'aikatar muhalli da ta makamashi, huhu yana hannun ma'aikatar lafiya.

Wanda zai ce a raba murhun zamani a huta, ya kamata ya dubi abin da manyan gwaje-gwaje suka nuna. A Malawi an raba murhu mai fanka, wanda ya fi Mai Sauƙi tsabtar ƙonewa nesa ba kusa ba, a ƙauyuka 150, aka bi yara sama da 10,000. Sakamakon da ya fito a ƙarshen 2016 ya nuna limoniya ba ta ragu ba. A Guatemala murhu mai bututun hayaƙi ya rage limoniya mai tsanani da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma bai rage yawan masu kamuwa yadda aka yi fata ba. Gwajin HAPIN kuwa, a Guatemala da Indiya da Peru da Ruwanda, ya ba gidajen mata masu ciki 3,200 damar shiga, rabinsu aka ba su gas kyauta har ƙofar gida. Hayaƙin da suke shaƙa ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku, amma nauyin jarirai da limoniya mai tsanani ba su canza sosai ba. Dalilan sun haɗa da hayaƙin maƙwabta, da ƙona shara, da komawa tsohon murhu idan tukunyar ta yi girma.

Sai dai waɗannan gwaje-gwaje na shekara ɗaya ne ko biyu, kuma yara suka duba. BPCO cutar shekara talatin ce. Shaidar da ta fi kusa da ita ta fito ne daga China. A gundumar Xuanwei, inda ake ƙona kwal a cikin gida, binciken 2005 ya nuna waɗanda suka sa wa murhunsu bututun hayaƙi sun fi sauran ƙarancin kamuwa da cutar, bambancin kuma ya fi fitowa bayan shekara goma. A kudancin ƙasar, wani binciken ya bi mutanen ƙauyuka shekara tara, ya ga huhun waɗanda suka buɗe madafarsu ga iska suka kuma sauya makamashi ya fi jinkirin lalacewa. Ribar tana zuwa, amma ba cikin wa'adin shekara uku da ake ba yawancin ayyukan masu ba da tallafi ba.

Gas kuma Nijar tana da nata. Matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana tun Nuwamban 2011, tana fitar da iskar gas, farashin hukuma na cika tukunya mai kilo shida ya daɗe a kan sefa 1,800. Wannan ya sauya girki a gidaje da dama na Yamai da Maraɗi da Damagaram, duk da ƙarancin da ake fama da shi lokaci zuwa lokaci. A Azagor lissafin daban ne. Sai an sayi tukunyar da kanta da kan murhun, sai an kai ta gari a cika, kuɗin mota ya hau kan farashi, tukunyar tuwon mutum goma sha biyar kuma ba ta zama a kan ƙaramin murhu. Itace ba ya cin ko dala, lokacin mace yake ci, kuma a yawancin gidaje ba mai shaƙar hayaƙin ce ke riƙe da kuɗin ba. Gawayin ƙasa na Tchirozérine da ake tallatawa a madadin itace yana ceton daji, amma duk garwashin da aka rufe ɗaki da shi yana fitar da iskar da ke kisa ba wari. A taron Paris na 14 ga Mayun 2024 an yi alkawarin dala biliyan 2.2 don girki mai tsabta a Afirka, alhali Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce ana buƙatar biliyan 4 duk shekara. Irin waɗannan kuɗi sun fi bin inda kamfani zai samu masu saye, ba rugar da ke kwarin Tarka ba.

Abin da ba ya jiran Paris

Kafin gas ya iso, akwai matakan da ba sa cin kuɗi, kuma duk da ba su kai gas ba suna rage abin da ake shaƙa. A bar girki a rumfa mai buɗaɗɗen gefe ko da sanyi, a kare iska da zana ta ɓangare ɗaya kawai. Madafar da aka riga aka gina a huda mata tagogi biyu masu fuskantar juna, ɗaya a sama kusa da rufi. A shanya itace ya bushe sosai, a daina kunna wuta da leda, a sauke goyo a ba wani ya riƙe lokacin da wuta ke kamawa, domin a nan hayaƙin ya fi yawa. Na ƙarshen ya fi sauƙin faɗa, tunda matar da ba ta da mai riƙe mata yaro ba ta da zaɓi. Shi ya sa saƙon ya kamata ya kai ga maigida, wanda shi ke gina madafar, da uwar miji, wadda ita ke faɗin yadda za a yi jego.

Sannan cutar tana buƙatar suna. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, amma haruffan BPCO ba su da ma'ana a Hausa, balle a Tamashek da Fulfulde da ake ji a Azagor. Kalmar fuka kuma tana ɗauke da nauyi: mutane na haɗa ta da tarin da ke yaɗuwa, har a ware wa mai ita ƙwarya, abin da ke sa mace ta ɓoye tarinta don gudun abin da dangin miji za su ce. Gidajen rediyon karkara, ungozomomi da ma'aikatan sa-kai na lafiya da suka riga suna zagaya ƙauyuka kan zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna iya isar da abu biyu cikin harshen gida: wannan tarin ba ya yaɗuwa, kuma hakin da ke hana aiki a shekara arba'in ba tsufa ba ne.

Lokacin bai zo da sauƙi ba ta fuskar kuɗi. Amurka ta sanar da ficewa daga OMS a Janairun 2025, ta rushe mafi yawan ayyukan USAID, wasu ƙasashen Turai sun janye tallafi tun bayan 26 ga Yulin 2023, cututtukan da ba sa yaɗuwa kuma dama can su ne ke samun kaso mafi ƙanƙanta. Sabon shiri mai ofis da motoci ba zai samu mai biya ba. Abin da ma'aikatar lafiya ke iya yi da abin da ke hannu shi ne ta yi amfani da ƙofar da masu tari ke shiga tun da can. Wani bincike a Nepal da Peru da Yuganda da aka wallafa a 2022 ya nuna 'yan tambayoyi kaɗan, haɗe da ƙaramin bututun busawa mai araha, suna taimakawa wajen tace waɗanda ya kamata a tura gwaji. A gundumar Dakoro hakan na nufin sipiromita ɗaya a asibitin gundumar da ma'aikata biyu da suka iya ta, maganin shaƙa a kantin kowane CSI, da ƙarin layi biyu a rajistar tarin fuka: ɗaya na wanda gwajinsa ya nuna babu ƙwaya amma yana ci gaba da tari, ɗaya na wanda ya gama wata shida amma har yanzu yana haki.